Kwaɗon da Baffa Ya Hana a Yanke

Jama'a, a gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai waya ya kife ta. Yau zan gabatar muku da Sarkin Kwaɗuna na farko kuma na ƙarshe, Gwamnan Ɗakin Wuta, Babban Hafsan Rundunar Dakata Tukuna, mutumin da in ya ce inji ba zai tashi ba, ko mai kamfanin ne ya zo da kansa sai dai a miƙa masa benci ya zauna. Tsayinsa bai wuce kafaɗata ba. Takalminsa na aiki ya girme ni. A iya rayuwata sau uku na ga haƙoransa, a ɗaya ma hamma yake yi.

Baffana ke nan, yayan mahaifina. A wurin aiki Mai Kwaɗo ake ce masa, har sababbin ma'aikata ba su san yana da wani sunan ba. Shekararsa talatin da ɗaya yana gyaran injuna a kamfanin abincin kaji da ke bayan tashar manyan motoci, kuma bai taɓa zama shugaban kowa ba. An taɓa ba shi ofis mai fanka, ya yi kwana biyu ya dawo cikin ƙura, wai kujerar tana sa shi ciwon baya. Gidansa ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida, da wata bishiyar lemo da ba ta taɓa yin ɗa ko ɗaya ba, amma kullum ya taso aiki sai ya ba ta ruwa kafin shi ya sha. A wuyansa akwai baƙar igiyar takalmi, a jikinta ɗan makulli guda. Da shi yake wanka, da shi yake barci. Matarsa ta ce in da za a tambaye ta wa ya fi kusa da zuciyarsa, ba za ta yi gardama da ƙarfe ba.

Ni kuwa Aku suke ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba, don na san bakina. Makaranta na bar ta saura shekara ɗaya in gama, ni da ita muka rabu ba wanda ya yi kewar wani. Na sayar da rigunan waya, na yi wankin mota, na koyi aski na mako uku har na yi wa wani hanya a tsakiyar kai. Da Baffa ya ga abin nawa ba mai ƙarewa ba ne, sai ya zo gidanmu wata safiya, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya ce wa mahaifiyata a ba shi ni. Umma ta ce, “In a hannunka zai zauna, ka tafi da shi.”

A kamfanin akwai injuna da yawa, amma uwarsu ita ce Giwa. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce da ake gauraya masara da dusa da sauran haɗi a cikinta, mutum huɗu za su kwanta a ciki ba wanda zai taɓa wani. A cikinta akwai fikafikan ƙarfe masu juyawa. A ƙarƙashinta kuma akwai rami mai murfin ƙarfe, a cikin ramin akwai wani dogon ƙarfe murɗaɗɗe da ke kwashe abin da Giwa ta gauraya ya tura shi sama. Shi muke ce wa Mesa. Makunni ɗaya ke ba su wuta su biyun, kuma makunnin yana can ɗakin wuta a ƙarshen zaure, inda in kana tsaye ba ka ganin Giwa, ba ka jin wanda ke cikinta. Duk 'yan kwanaki sai wani ya shiga ya kankare abin da ya daskare, ya ɗaure notin da ya saki.

Ranar da na fara aiki, kafin a nuna mini inda ake shan ruwa, Baffa ya damƙa mini kwaɗo ja, an rubuta AKU da farin fenti.

“Wannan naka ne. Kafin ka sa ko ɗan yatsa a cikin inji, ka faɗa wa kowa da bakinka. Ka tsayar da shi. Ka je ɗakin wuta ka ja makunni ƙasa, ka datse shi da wannan. Ɗan makulli a wuyanka.”

“A aljihu fa?”

“A wuyanka. Sai ka dawo ka danna maɓallin tayarwa.”

“Baffa, na kashe wuta, na sa kwaɗo, sannan in zo ina danna maɓalli? Ai sai a ce na fara taɓuwa.”

“Su ce. In bai tashi ba ka sake dannawa. Sannan ka tsaya ka jira fikafikan su gama juyi, don Giwa ko an yanke mata wuta ba ta tsayawa nan take.”

A hannun makunnin akwai wani ƙarfe mai huji shida. Mutum uku za su shiga, kwaɗo uku za a gani. Ba a cewa na abokina ya isar mana. Babbar dokar kuma, wadda saboda ita ake tsoronsa kuma ake gulmarsa, ita ce: ba mai cire kwaɗo sai mai shi. In mutum ya manta ya tafi gida, a je a ɗauko shi, ya zo ya cire da hannunsa.

Sau goma sha ɗaya hakan ta faru a iya ƙirgen ma'aikata, kuma duk sau goma sha ɗayan ba kowa a cikin injin. An taɓa ɗauko wani daga wurin aski da rabin kai. Ni ma an taɓa ɗauko ni daga gidan kallon ƙwallo, saura minti biyar a tashi, har yau ban yafe ba. Aiki ya tsaya, direbobi su yi ta zagi, Baffa na zaune kan bulo a ƙofar ɗakin wuta ko a jikinsa. A bayan idonsa ni ne shugaban masu kwaikwayonsa. Nakan rataya cokali a wuya, in ɗaure fuska, in ce a tsayar da tukunyar shayi sai mai ita ya zo. Har mai gadi sai ya riƙe ciki.

Wata safiya ina yi wa Umma wannan wasan a tsakar gida, tana wanke kwanuka. Ban ji dariya ba. Ta tsame hannunta daga ruwa, ta goge a zani, ta ce in zauna.

Na san mahaifina ya rasu a wurin aiki ina wata bakwai a duniya. Abin da aka faɗa mini ke nan tun ina yaro: haɗari a wurin aiki, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa tambayar wane irin haɗari ba, kuma ba wanda ya taɓa ƙara mini.

“A lokacin ba kwaɗo,” in ji Umma. “Abin da suke yi, in mutum zai shiga injin sai ya cire hularsa ya rataya a kan makunnin. Kowa ya ga hula ya san da mutum a ciki. Shekaru suna haka ba abin da ya faru. Ran nan ubanka ya rataya tasa ya shiga. Girgizar wani injin ta kaɗo ta ƙasa. Wani dattijo mai shara ya zo ya ga hular mutum a cikin ƙura, ya ga bai kyautu ba, ya ɗauka ya kaɗe ta, ya ɗora a kan taga. Da kyakkyawar niyya ya yi.”

Ruwa na ɗiga daga bakin famfo cikin bokiti.

“Sai wanda zai tayar da injin ya shigo. Ya duba, bai ga hula ba.”

“Waye?”

Ta dube ni kawai.

Ta ce shekara biyu ba ta amsa gaisuwar Baffa ba. Duk ƙarshen mako sai ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaishe ta, ya ajiye abin da ya kawo, ya juya. Kowa ya ba shi shawara ya bar kamfanin, ya nemi wani wuri inda ba zai riƙa jin ƙarar injin nan ba. Ya ƙi. Mako ɗaya da rasuwar ya sayo kwaɗo, ya huda hannun makunnin da kansa. Sai daga baya kamfani ya mayar da abin doka, aka rubuta a bango.

“Ranar da na fara amsa masa,” in ji ta, “na tambaye shi me ya zaunar da shi a wurin da ya ci ƙaninsa. Ya ce in ya tafi, wanda zai zo bayansa bai san abin da hula ke yi ba.”

Ta mayar da hannunta cikin ruwan wanke-wanke. Daga ranar na daina wasan cokali. Bakina dai bai mutu ba, don wannan sai ranar da aka binne ni, amma wasan nan na bar shi. Baffa kuma bai taɓa sanin na sani ba, ko kuwa ya sani bai nuna ba. Da shi ba ka ganewa.

Yanzu ga ranar da ta sa na ɗauki biro.

Wata Talata ce da hantsi. Dogo ne ke da aikin kankare Giwa. Dogo mutum ne mai sanyin hali, tsayinsa ya sa duk ƙofar kamfanin sai ya rusuna mata, ga 'ya'ya biyar da wata waya da ba ta taɓa sanin caji ba. Ya sa kwaɗonsa tun da safe ya shiga. Wanda ya kamata ya tsaya masa a waje an janye shi zuwa lodi, don manyan motoci uku ne a layi, masu gonar kaji suna ta bugo waya.

Ni ina ɗaukar buhuna. A wani zuwa na wuce ta bayan Giwa, na ga murfin ramin Mesa a buɗe, an tokare shi da guntun katako. Na ce wane marar hankali ne ya bar wannan, yanzu wani ya taho da buhu a ka ya afka. Na sa ƙafa na ture katakon, murfin ya rufe. Ga ƙarar injuna ko'ina. Na wuce ina jin kaina mutumin kirki, har ina tunanin da Baffa ya gani da ya yaba.

Wajen sha ɗaya aka ce a tayar da Giwa. Aka je ɗakin wuta, ga kwaɗon Dogo a datse. Aka leƙa cikin Giwa, tas, an kankare, ba kowa. Aka kira wayarsa, a kashe. Aka tambayi mai gadi, ya ce ai Dogo ya fita tun ɗazu a kan babur ɗinsa, da hular kwano a kansa, har ya ɗaga masa hannu.

Manaja ya sauko daga ofis. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Matashi ne mai karatu, wata shida da zuwansa, kuma tun safe ake zazzaga masa masifa a waya. Ya zo da almakashin yanke ƙarfe a hannu, irin mai dogayen hannuwan nan. A dokar da ke bango akwai layi na ƙarshe da ya ce manaja na iya yanke kwaɗo in ya tabbatar mai shi ya bar harabar. Ya tarar da Baffa tsaye a ƙofar.

“Baba, a ɗan ba ni hanya.”

“Ranka ya daɗe, ba a ga Dogo ba.”

“Mai gadi ya ga fitarsa.”

“Ya ga fitar babur.”

“To babur ɗin shi ya tuƙa kansa?”

“Ban sani ba. Ni dai ban ga Dogo ba.”

“Na leƙa injin da kaina, da tocila. Ba kowa. Doka ta ba ni dama, ga ta can a rubuce.”

“Ta ce in ka tabbatar.”

“Na tabbatar!”

“Ni ban tabbatar ba.”

Ma'aikata sun taru, direbobi ma sun shigo. Ɗaya daga cikinsu, wani mai ƙaton ciki, ya ce, “Dattijo, tun asuba nake nan. Kaji dubu goma na jiran abinci, kai kana gadin kwaɗo kamar an ce maka zinare ne.” Wani ya ce ai an saba, wannan ne na goma sha biyu, a je a duba wurin mai shayi. Ni ma bakina ya ƙi zama. Na ce, “Baffa, Dogo fa ba allura ba ne. Mutumin da kansa ke gaisawa da rufin ɗaki, in yana cikin ginin nan ai da tuni an yi tuntuɓe da shi.” Aka yi dariya. Ina jin daɗin dariyar, Allah ya sani.

Baffa bai ko kalle ni ba. Ya shiga ɗakin, ya ciro nasa kwaɗon daga aljihun rigar aiki, wani tsoho da fentinsa ya gama koɗewa, ya zura a huji na biyu ya datse. Ya fito.

“Yanzu biyu ne. In za ka yanke, ranka ya daɗe, ka fara da nawa. Ni ga ni kana ganina.”

Manaja ya cika ya batse. “Baba, kada ka sa in rubuta ka. Da girmanka.”

“Rubuta. Amma a kashe mini sauran injunan tukuna. Ina son in ji shiru.”

Suka tsaya suna kallon juna. Ban san abin da Manaja ya gani a fuskar tsohon ba. Ya duba agogo ya ce, “Minti goma. In sun cika zan yanke duka biyun, kuma ba wanda zai ce ban yi haƙuri ba.”

Aka kashe komai. Ban taɓa jin kamfanin nan shiru da rana ba. Sai ƙura ke sauka a hankali cikin hasken da ke shigowa ta tagogin sama. Baffa ya ƙwala kiran Dogo sau uku. Ba amsa. Ya hau ya leƙa Giwa da kansa, ya sauko. Aka duba banɗaki, aka duba bayan buhuna. Minti shida suka tafi. Manaja ya gyara riƙon almakashinsa.

Sai Baffa ya juyo ya fuskance mu, ya yi wata tambaya da ba wanda ya gane inda ta dosa.

“Tun safe, waye a cikinku ya ga wani abu ba daidai ba ya gyara shi?”

Direban nan ya ce, “Wannan kuma wace irin tambaya ce?”

“Ba wanda ya yi ɓarna nake nema ba,” in ji Baffa. “Wanda ya yi gyara. Ya ga abu a ƙasa ya ɗauke. Ya ga abu a karkace ya miƙe shi. Ya ga abu a buɗe...”

Ban ji ƙarshen maganar ba. Na ga taga, na ga hula a kanta an kaɗe mata ƙura, ni da ban taɓa ganin hular ba. Ni Aku, da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, sai da na buɗe baki sau biyu kafin murya ta fito.

“Baffa. Murfin rami. Na gan shi a buɗe. Ni na rufe.”

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya wuce da sauri irin wanda ban san yana da shi ba, muka bi shi. Mutum biyu suka ɗaga murfin. Manaja ya haska tocila.

Dogo na kwance a ƙasan ramin, a kan Mesa. Ƙafarsa ta dama ta shige tsakanin murɗin ƙarfen har gwiwa. Goshinsa duk jini, ya bushe da garin dusa. Sufanarsa ta ɗaure noti na gefen hannunsa. Ba ya motsi.

Na zura ƙafa zan sauka, sai na ji an shaƙo wuyan rigata ta baya.

“Kwaɗonka.”

“Baffa, akwai biyu a jiki!”

“Ba naka. Je ka.”

Na ruga ɗakin wuta, na zura kwaɗona a huji na uku. Na datse, na dawo a guje, na sauka tsanin. Na sa kunnena a bakinsa. Yana numfashi. Na ɗaga kai na faɗa, ban san da wace murya ba, sai na ji sama ta ɗauki salati.

Baffa ya sauko bayana. Ya hana a ja shi. Da hannu ya riƙa juya Mesa baya, kaɗan kaɗan, yana cewa in riƙe gwiwar kada ta motsa, har ƙafar ta fito. Muka ɗora shi a kan faifan katako aka ɗaga shi sama. Direban nan mai ƙaton ciki, wanda ya yi maganar zinare, shi ya cire rigarsa ya naɗe ya sa masa a ƙarƙashin kai, yana ta cewa a hankali, a hankali, 'yan uwa.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Dogo ya gama kankare Giwa, sufanarsa ta suɓuce ta faɗa rami ta ƙofar da gari ke zuba. Ya san kwaɗonsa na jiki, Mesa ba za ta motsa ba, sai ya buɗe murfin ya tokare ya sauka. Tsanin da santsi, ya zame, kansa ya bugu. Babur kuwa ƙanin matarsa ne ya zo aro da safe, shi ma dogo, ya kifa hular kwano ya ɗaga wa mai gadi hannu. Ba wanda ya yi ƙarya. Mai gadi ya faɗi abin da ya gani, Manaja ya duba inda ya kamata a duba, ni na rufe rami don kada wani ya faɗa.

Da za mu fita da shi na waiga. Manaja na zaune a kan buhu, almakashin na kan cinyarsa, yana kallonsa kamar wani ne ya ajiye masa. Saura minti biyu cikin goman da ya bayar. Ya ɗaga kai ya ce, “Baba...” sai maganar ta tsaya. Baffa ya ce, “Ranka ya daɗe, a kawo mota.” Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan, kuma ban ji an ƙara tayar da zancen rubuta kowa ba.

Ni na raka Dogo asibiti. Ya farfaɗo a hanya, abin da ya fara tambaya wai ina sufanarsa. Karaya ɗaya a ƙafa, ɗinki bakwai a goshi. Likita ya ce zai taka. Matarsa ta iso da goyo a baya da takalmi wari daban daban, ta riƙe hannunsa. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin ina kallon ƙaramin da ke bayanta. Bai fi wata bakwai ba. Sai na fita waje, na zauna a kan dakali, na yi abin da ban yi ba tun ina yaro. Ba sai na faɗa muku ba.

Giwa ba ta tashi ba ranar. Motoci ukun suka juya ba kaya.

Da na koma gida na ba Umma labari tun daga farko, ban ɓoye murfin ba. Tana tsintar shinkafa a tire, ba ta ɗago ba har na gama. Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi mini faɗa, ko ta ambaci mahaifina. Ta daɗe tana juya hannu a cikin tiren. Can ta ce, “Ya ci abinci kuwa?”

“Wa?”

“Baffanka.”

Ta tashi ta ɗora tukunya. Da ta sauke ta zuba a kwanon da take ajiye wa baƙi na musamman, ta ɗaure da ƙyalle, ta ce in kai masa tun da zafi. Shekara ashirin da biyu yana kawo mana, ban taɓa ganin an kai masa ba.

Na same shi da yamma a tsakar gida, bai ko cire rigar aiki ba, yana tsugune yana ba bishiyar lemonsa ruwa. Na ajiye kwanon na ce daga Umma. Ya dubi kwanon ya daɗe, sannan ya ci gaba da zuba ruwa. Akwai maganganu cike da cikina, na mahaifina, na hula, na murfi, na cokalin da na riƙa ratayawa a wuya, amma ban san ta inda ake fara irinsu ba. Ni hanya ɗaya na iya. Na gyara tsayuwa, na ɗaga hannu sama, na buɗe murya har matarsa ta leƙo daga ɗaki.

“Jama'a, a gyara zama! Ga Sarkin Kwaɗuna! Ga Gwamnan Ɗakin Wuta! Ga wanda ya tsaya shi kaɗai gaban manaja da direbobi da kaji dubu goma! Ga uban 'ya'yan Dogo biyar, ga uban Aku marar kunya! Baffa, wallahi sai na rubuta tarihinka, duniya ta san da kai!”

Ya juye sauran ruwan a gindin bishiyar. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro wani ɗan makulli, ya miƙo mini ba tare da ya ɗago ba. Na shafa wuyana. Igiya ce kawai.

“A jikin kwaɗon ka bar shi. Kwaɗo da makulli a jiki, da shi da hula duk ɗaya. Yana nan ban taɓa ba, gobe ka riga kowa zuwa ka cire abinka. Miƙo mini bokitin can.”